Kafin ka sa hannu a shafin sida na Wikipedia

Ɗana na ga saƙonka na daren jiya, kura ce, wato wutar lantarki, ta tafi a unguwarmu waya ta mutu shi ya sa sai yanzu nike maida maka. Ka ce kana so ka shiga cikin masu gyaran maƙalar cutar sida a Wikipedia ta Hausa kafin 1 ga Disamba, kana tambaya ko ka kwaso ta Faransanci gaba ɗaya ka zuba a injin fassara ka daidaita Hausar, sannan ka ƙara da abin da majon CSI, wato babban ma'aikacin jinya na asibitin unguwarku, ya gaya maka tunda shi aikinshi ne ya san abin da yake faɗi. To a'a, kada ka yi haka. Ba korarka nike ba, wallahi hannu muke nema, amma tsaya ka ji dalili.

Na ga maƙalolin da ka yi kan garuruwa da ƴan kokowa, aikinka na da tsabta. Sai dai in ka kuskure shekarar da wani ya ɗauki takobi, gobe wani zai gyara, ba wanda ya cutu. Shafin sida ba haka yake ba. Ɗalibin likitanci na Jami'ar Abdu Mumuni ba ya buƙatarmu, yana da littattafanshi da Faransancinshi. Ni wanda nike tunawa duk sa'ad da zan rubuta layi a shafin nan shi ne mutumin da anka ɗebi jininshi yau anka gaya mashi sakamako, ko mace mai ciki da anka yi wa bayani wajen awo ta fito ba ta gane rabi ba kuma ba ta da wanda za ta tambaya don kar magana ta fita gari. Da forfe na dala ashirin za ta buɗe, ta karanta layi biyar na sama ta rufe. In layukan nan sun ce mata ta mutu ta gama, ƙila ba za ta koma asibiti ba.

Saboda haka saman shafin shi ne aikin. Dole ya faɗa da Hausar da kowa ke ji cewa ƙwayar cutar, VIH, tana iya zama jikin mutum shekaru ba wata alama, gwaji kaɗai ke nuna ta, sida kuma ita ce matakin ƙarshe in ƙwayar ta cinye garkuwar jiki har ƙwayoyin CD4, masu kare jiki daga cuta, sunka sauka ƙasa da 200 a awon jini ko wasu cututtuka irin tarin fuka sunka samu ƙofa. Ya faɗa cewa akwai magani, ba ya fidda ƙwayar daga jiki amma yana danne ta, mai shan shi kullum yana aikinshi yana aure yana haihuwa, kuma a Nijar kyauta ake bayar da shi. Tarihin nan na 1981 da anka fara ba da rahoton samari biyar a Los Anjeles, da 1983 da su Luc Montagnier da Françoise Barré-Sinoussi sunka gano ƙwayar a cibiyar Pasteur ta Paris, duk za su shiga, amma can ƙasa.

Maƙalar Faransanci kuwa ba don mutanenmu anka rubuta ta ba, doguwa ce cike da sunayen sinadarai, in ka zuba ta a inji za ka samu Hausar da kai kanka sai ka karanta sau uku. Kuma inji yana iya haɗiye "ba" guda ɗaya, jimlar da ke cewa sauro ba ya yaɗa cutar ta koma cewa yana yaɗawa, kai kuma ido ya gaji ka wuce. Ka ɗauki sashe guda, ka karanta ka fahimta, ka buɗe madogarar da sunka sa ka ga ko da gaske ta faɗi hakan, sannan ka rubuta da bakinka. Akwai kuma abin da ya fi shafarmu nan Afirka ta Yamma wanda dole mu ba shi wuri mai kyau, wato VIH-2 da anka ware a 1986 daga marasa lafiya ƴan Gine Bisau da Kap Ber. Ya fi jinkirin kayar da mutum, kuma magunguna irin efavirenz da nevirapine ba su aiki a kanshi, shi ya sa sanin nau'in da mutum ke ɗauke da shi yake da amfani.

Yanzu maganar majo. Ban ce bai sani ba, ƙila ya fi mu duka sani. Matsalar ita ce mai karatu a Damagaram ko Kano ba shi da hanyar da zai bincika abin da majo ya gaya maka a bakin ƙofa, mai gyara da zai zo bayanka ma haka, zai ga jimla ba madogara ya share ta kuma yana da gaskiya. Ka koma wajenshi ka ce ranka ya daɗe takardar ma'aikatar lafiya da kuke aiki da ita nike so, ka ɗauki sunanta da shekara da lambar shafi, ita za ka sa. Shi kuma ka roƙe shi ya karanta abin da ka rubuta, nan ne saninshi zai yi mana rana.

Madogara a aikin lafiya ba ko wace ba. OMS (hukumar lafiya ta duniya), ONUSIDA (hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da sida), rahoton INS (hukumar ƙididdiga ta Nijar), takardun ma'aikatar lafiya. Labarin jarida da ke cewa an gano magani a ɓeraye ba ya shiga, bidiyon WhatsApp balle. Kuma kowace lamba da shekararta a jikinta. Kar ka rubuta "a yanzu mutum miliyan kaza", yanzu ɗin nan za ta tsufa shafin na nan. Rubuta: a 2023 ONUSIDA ta ƙiyasta mutum miliyan 39.9 ke ɗauke da ƙwayar a duniya, kusan 630,000 sunka rasu a wannan shekara. Na gida ma haka, an fara tabbatar da cutar a Nijar a 1987, binciken lafiyar jama'a na ƙasa (EDSN) na 2006 ya samu kashi 0.7 cikin ɗari na ɗauke da ƙwayar, na 2012 ya samu 0.4. In ka gama jimla ka aje alamar rubutu bayan aya, ka danna maɓallin saka madogara, ka liƙa adireshin, zai cika da kanshi, amma ka duba da ido don sau da yawa yakan bar sunan marubuci da kwanan wata fayau. Sai ka rubuta a ɗan akwatin taƙaitawa abin da ka canza, ko kalma biyar ce, don na bayanka ya gane.

Wani abu da za ka haɗu da shi ko ba jima ko ba daɗe, masu shigowa su saka cewa wane yana warkar da sida da saiwa, har da lambar waya. Wannan shi ke tada mani hankali fiye da komi, don mutum zai aje maganinshi ya tafi, ƙwayar ta dawo da ƙarfi, wani lokaci maganin farko ma ya daina kama ta. Ba sabon abu ba ne, a 2007 Yahya Jammeh yana shugaban Gambiya ya ce yana warkarwa da ganyaye ya sa mutane sunka bar ARV, wato maganin da ke danne ƙwayar. A Afirka ta Kudu zamanin Thabo Mbeki jinkirin ba da magani, masu bincike na Harvard sun ƙiyasta ya ci rayuka sama da 330,000. Waɗannan suna da madogara, ana iya rubuta su a sashen tarihi. Tallar mai magani kuwa ka shiga tarihin shafin ka maida shi yadda yake, ka bar mashi saƙo da ladabi, ba zagi, in ya sake ka kira admin. Ko labarin Timothy Brown da ya warke da gaske bayan dashen ɓargo a Berlin a 2007, ka rubuta shi da hattara, ka faɗa cewa saboda sankarar jini anka yi mashi dashen kuma aiki ne mai haɗari da ba a yi wa kowa.

Sunan mutum kuma, ko hoto, kar ka kusanta. Ba ruwanmu da an ce mawaƙi wane ita ta kashe shi. Kar ka je bakin CTA, cibiyar da ake kula da masu cutar, ka ɗauki hoton layin mutane ka ɗora a Commons, rumbun hotunan Wikipedia, ko da baya sunka ba ka, a Yamai ana gane mutum da zanenshi da babur ɗinshi. Hoton kwalin magani ko na kayan gwaji ya isa.

Aikin nan gayya ce, kowa da kunyarshi, ba a tsallaka ta wani a tumɓuke mashi shuka. Akwai ƴan Kano da Kaduna da ƴan Gana da ke taɓa shafi guda da mu, in ka ga abin da bai yi maka ba kar ka share sakin layi uku na mutum ka yi shiru, ka je shafin tattaunawa ka ce ga abin da na gani ga madogarata, ka sa hannu da ~~~~ ka ba shi kwana biyu. Za a gyara maka naka kai ma, wani lokaci a ɓata, kar ka ɗauka da zafi.

Ni shawarata ka ɗauki sashen uwa da jariri, shi ne ya fi rama kuma shi mata za su fi nema. OMS ta ce in ba a yi komi ba, tsakanin kashi 15 zuwa 45 na jariran ke kamuwa lokacin ciki ko haihuwa ko shan nono, in uwa na shan magani yadda ya kamata abin na sauka ƙasa da kashi 5. In ka gama shi ka kama na gaggawa, wanda anka yi wa fyaɗe ko ma'aikacin da allura ta soke, a fara magani cikin awa 72 a sha kwana 28, mutane da yawa ba su taɓa jin wannan ba. Ni zan riƙe sashen magani, da dolutegravir da OMS ta sa gaba tun 2019, da bayanin cewa wanda ƙwayar ta ɓace daga ma'aunin jininshi saboda magani ba ya sa wa abokin zamanshi ta hanyar kwanciya.

Ka fara rubutawa a shafinka na gwaji, kar ka taɓa babban shafin tukuna. Asabar bayan la'asar ka zo shago da kile ɗinka na USB in zuba maka rahotannin, mu fidda naka a takarda ka kai wa majo da ungozomar CSI su bi shi da bik ja, abin da sunka ja wa layi mu nemo mashi madogara ko mu cire.