Fatawa: Shiga tsohuwar majami'a a hanyar Rumsiki

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Mun tashi daga Marwa ta ƙasar Kamaru da iyalina za mu kallon duwatsun Rumsiki. Bayan Mokolo muka tarar da wata tsohuwar majami'a a ƙauye, ginin dutse. Dattijon da ke kula da ita ya buɗe mana, muka shiga muka duba, sannan na yi La'asar a inuwar bangonta ta waje. Maiɗakina ta ce sai mun tuba. Haka ne?

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, shiga daban, salla daban.

Kan shiga don kallo malamai sun saɓa: Hanbaliyya sun halatta, Hanafiyya sun karhanta, wasu kuma suka rataya hukuncin ga gumaka. Buhari ya kawo cewa Sayyidina Umar ya ce ba sa shiga majami'u saboda siffofin da ke ciki, Ibnu Abbas kuwa yakan yi salla a wadda babu gumaka. Uwayen muminai Ummu Salama da Ummu Habiba sun ba Annabi (SAW) labarin majami'ar da suka gani a Habasha. Ya zargi masu gini a kan kaburburan salihai da masu zana siffofin, bai zargi ganin ba.

To, me ke bangon majami'ar da kuka shiga? Majami'un Katolika, waɗanda limamansu suka bazu a arewacin Kamaru daga 1946, galibi akwai gunkin Maryamu da siffar Isa bisa gicciye. Barin shiga irinsu ya fi. Na Furotesta sau da yawa benci ne kawai da mumbari. Ko wacce ce, in ba ku halarci ibadarsu ba, ba ku rusuna wa komai ba, ba ku shafa bango don neman tabarruki ba, to imaninku na nan daram. A riƙa sassauta harshe wajen jingina wa Musulmi kafirci, musamman a cikin gida.

Salla a ciki makaruhi ce a mazhabarmu ta Malikiyya. Risala ta Ibnu Abi Zaid ta ambaci majami'u cikin wuraren da aka hana salla. Imam Malik ya yi rangwame ga matafiyin da ruwan sama ko sanyi ya tilasta masa sauka a ciki. Kai a waje ka yi, kan ƙasa mai tsarki, don haka babu ramuwa.

Dattijon nan kuwa ya cancanci godiya. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta halatta kyautata wa wanda bai yaƙe mu ba.

Allah ne Mafi sani.