Tarayya ce ko ƙawance? Amsoshin tambayoyinku

Wani ɗalibin tarihi ya ce: Malam, gwamnatin da Amurkawa suka fara kafawa bayan sun rabu da Ingila, "gwamnatin tarayya" za mu ce mata?

A'a. Wallahi wannan abu ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, mutane da sun ga jihohi sun haɗu sai su liƙa musu tarayya, ba sa ko tsayawa su ji nauyin kalmar. Bahaushe in ya ce an yi tarayya to akwai abin da aka haɗa hannu a kai, riba da asara duk na kowa, kamar 'yan uwan da suka yi tarayya a gonar gado. To jihohin Amurka 13 na wancan lokacin ko aljihu ba su haɗa ba! Yarjejeniyar da suka rubuta a 1777, wadda ba ta fara aiki ba sai Maris 1781 da jiha ta ƙarshe, Maryland, ta sa hannu, majalisa kawai ta kafa, ba shugaban ƙasa mai zartarwa, kowace jiha ƙuri'a ɗaya komai yawan jama'arta, kuma majalisar ba ta da ikon karɓar haraji sai dai ta roƙi jihohi su ba ta in sun ga dama. Har an nemi a sa harajin kashi 5 cikin 100 kan kayan da ake shigowa da su don biyan bashin yaƙin neman 'yanci, jihar Rhode Island ta ƙi a 1782, magana ta mutu, don gyara takardar sai duka 13 sun yarda. Ita kanta takardar ƙawance ta kira abin. Don haka ni ƙawancen jihohi nake cewa, ku ajiye tarayya sai an zo kundin tsarin mulkin da aka rubuta a Filadelfiya a 1787, wanda a ƙarƙashinsa aka rantsar da George Washington shugaban ƙasa a Afrilun 1789.

Wata baiwar Allah ta ce ko "kyanwar Lami" ta dace da waccan majalisar?

Ta dace, amma ki riƙa ƙarasawa, ba cizo ba yaƙushi, yaran yanzu sai su yanke karin magana a tsakiya. Ana faɗa wa mai suna da kwarjini amma ba abin da zai iya yi. A 1786 manoman jihar Massachusetts da bashi da haraji suka shaƙe sun yi bore, Daniel Shays na cikin jagororinsu, majalisa ba kuɗin tara soja, sai attajiran Boston, babban birnin jihar, ne suka yi karo-karo aka ɗauki dakarun da suka murƙushe boren.

"Jiha" Hausa ce?

Aro ce daga Larabci, asalinta ɓangare ko nahiya.

Mulkin kai da 'yancin kai ɗaya ne?

Haba dai. Arewa ta samu mulkin kai a 1959 Bature na nan, 'yancin kai sai 1960. Amurka 'yancin kai ta shelanta a 1776, Ingila ta amince a 1783.