Za mu je zane bakin teku a Cancale, an ce in riƙa gyara burushi da baki

Tambaya: Salam Malam. Ni ƴar Damagaram ce ina karatu a Rennes ta Faransa, na shiga wani ajin zane na yamma kuma wata mai zuwa za mu tafi Cancale mu yi zanen fentin ruwa a waje mu goma sha wani abu. Ban taɓa zane a waje ba, wlh har na fara tunanin fasawa. An ce fenti ba ya bushewa a can saboda danshi, kuma wata ƙawata ta ce ba sai na wahalar da kaina da tsumma ba, in riƙa tsotse bakin burushi ya yi tsini, tunda fentin ƙaro ne da zuma kawai. Haka ne?

Amsa: Wa alaikis salam ƙanwata. Kar ki fasa. Maganar bushewa gaskiya ce amma ƙaramar matsala ce, hannunki ne ya saba da ɗaki mai hita, ko iskar gida da kafin ki ɗaga burushi takarda ta bushe. A bakin teku shafe ɗaya zai iya sa ki zaman jira, toh ki tafi da takardu biyu ko uku, kina aiki a ɗaya ɗayar tana shan iska. Takardar ta zama mai kauri ta auduga, wadda aka rubuta giram 300 a jikinta, ki kafe ta a allo da salatif ko abin matsewa don iskar wajen ba ta da kunya. Ki rage ruwa a burushi, ki ɗauki busasshen fenti na ƴan ƙananan mazubai, ya fi na matsawa sauƙin ɗauka. Ruwa kuma ki zo da naki a gora, kar ki ɗebi na teku, gishiri yana jan danshi kuma yana ɓata shafe.

Yanzu maganar ƙawarki, wadda ita ce ta sa na zauna rubuta wannan da tsawo, don kusan kullum sai na cire wa wani ɗalibi burushi daga baki. Eh ƙaro ne ke riƙe fentin ruwa, wannan dai ƙaron na dakwara da ake fitarwa daga Sudan da Chadi da Yobe, kuma wasu kamfanoni irin Sennelier na Faransa suna sa zuma don kada fentin ya ƙame. Daga nan ne mutanenmu ke ruɗewa, mun taso muna ganin tawadar allo ta ƙaro da gawayi, an wanke an sha lafiya lau, sai a ɗauka duk abin da ƙaro ya riƙe haka yake. To ƙaron manne ne kawai. Garin kalar da ya riƙe fa, me ye shi?

Juya fentinki ki duba ƙananan lambobin da ke jiki. PR108 jan kadmiyam ne, PY35 rawayar kadmiyam, PB28 shuɗin kobal, PB35 shi ne shuɗin sama da kowa ke rububi in zai zana teku, shi ma da kobal a ciki. Jan bamiliyan na asali, PR106, da makuri ake yin sa, wato zaiba. Kadmiyam da kobal da makuri duk ƙarafa ne masu iya cutar da jiki. Kadmiyam in ya shiga jiki ƙoda yake nufa ya zauna, kuma sai an yi shekara 10 zuwa 30 kafin rabinsa ya fita. Ba zan tsorata ki da ƙarya ba, lasa ɗaya ba za ta kwantar da ke ba, an sarrafa garin yadda ba ya saurin narkewa a ciki. Matsalar sabo ne, wanda ya saba baya ma sanin yana yi, a zane ɗaya sai ya kai burushi baki sau barkatai, ya yi shekaru a haka yana cewa ai ni ban ga komai ba. Ina za ka gani? Ƙoda ba ta yin ƙara sai ta gaji.

Abin da ke ƙona min rai shi ne masu koyar da zane a TikTok da YouTube, mutum ya koyi haɗa kala biyu jiya yau ya kunna kyamara yana lasar burushi wai haka ƙwararru ke yi, yara suna kallo suna kwaikwaya. Haka aka ce wa ƴanmatan da ke fentin fuskar agogo a New Jersey ta Amurka wajen 1917 zuwa shekarun 1920, wai su tsine burushi da leɓe, fentin ba ya komai. Radiyam ne a ciki, wani sinadari mai fitar da tururin nukiliya, haƙora suka zube, muƙamuƙi ya ruɓe, da dama suka mutu. Fentinmu na yau babu radiyam, nesa ba kusa ba, amma kalmar da aka faɗa musu ita ce dai ƙawarki ta faɗa miki, kuma ita ma ba ta karanta lambar ba. Wasu kuma su ce ai an rubuta ba guba a kwali. Alamar AP da kike gani tana nufin ba cutarwa in an yi amfani da shi yadda ya kamata, ba a ce a ci ba, in kuwa CL ce to a yi hattara kenan. Mai ciki ko mai shayarwa ko mai ƙananan yara a gida ta nemi kalolin da aka rubuta hue a jikinsu, yawancinsu madadin ne marasa waɗannan ƙarafan, kuma sukan fi araha ma. Tsinin burushi kuwa, ki murza shi a kan tsumma mai ɗan laima, shikenan. Burushin da ba ya tsini sai da miyau ya mutu ne, a sayi wani.

Kuma a Cancale dole za a kai ku kasuwar kawa, wata halittar teku mai ɓawo da ake ci, da ke bakin tashar jiragen ruwa ta La Houle, ana buɗe wa mutum ɗanya ya ci da hannu nan take, ki wanke hannu tukun. Kofin shayi ki aje shi nesa da kofin wanke burushi. Ruwan wankin ma kar ki sheƙa shi a teku, gonakin kawarsu na nan gabanki, ki juye a wata gora mai murfi ki koma da shi.

Sai teku. Wannan gaɓar ta Mont-Saint-Michel tana cikin inda ruwa ya fi cika da janyewa a duk Turai, bambancin kan kai mita 14 a ranakun da ya fi cika. Za ki ga ruwa ya ja baya, jiragen kamun kifi sun kwanta a taɓo gwanin kyau, ranki zai ce sauka ki zauna kusa da su. Cikin kamar awa 6 yake dawowa ya cika, kuma a awa ta uku da ta huɗu yake kawo rabin ruwan, daidai lokacin da kanki ke sunkuye a takarda. Ki tambayi jagoranku jadawalin ruwa na ranar, ki zauna a saman kwalta, ki sa lambobin gaggawa 196 da 112 a wayarki. Jiragen kuma ki fara zana su da fensir da wuri, in ruwa ya taso duk juyawa za su yi.