Tambayi Likita: Kai yara wurin wasa a hutun Sallah

Saƙonnin wannan makon kusan duk magana ɗaya suke. Sallah ta matso, lakwal ta yi hutu, iyaye na shirin kai yara wuraren wasa, wasu nan cikin Maradi, wasu har Yamai ko Kano. Da yawa wannan ne karonsu na farko. Ku riƙe abu ɗaya tun daga nan: a ƴan shekarun nan Sallolin biyu cikin bazara suke faɗowa, lokacin da zafin Maradi ke wuce digiri 40, kuma rana ta fi lilo kwantar da yara.

Wani magidanci daga Sabon Gari: Likita, wace rana ta fi dacewa, kuma da wane lokaci?

Malam, ka bar ranar Sallah da washegarinta. Ka je rana ta uku ko ta huɗu, da zarar an buɗe ƙofa, ku fito kafin ƙarfe 11. In safiya ba ta samu ba, sai bayan La'asar. Daga 12 zuwa 4 na yamma ba lokacin tsayawa layi da yaro ba ne. Awa biyu zuwa uku sun ishi ƙaramin yaro, ko da kuɗin tikiti bai fanshe ba a ganinka.

Wata uwa daga unguwar Zariya: Za mu hau kar zuwa Yamai, mu kai yara gidan tarihi na Boubou Hama su ga zaki da dorina, sannan wurin lilo. Yarana uku: mai wata 18, mai shekara 4 da mai 7. Maƙwabciyata ta ce akwai maganin ruwa da ake saye wurin masu talla, a ba yaro ya yi ta barci har a isa. Ta ce kuma kar in ba su ruwa tun safe don kar su dame ni da fitsari. Wane magani ne, kuma cokali nawa?

Hajiya, ko ɗigo ɗaya kar ki ba su. Wannan tambayar ita ta fi tayar mini da hankali, don na san ba ke kaɗai aka ba wannan shawarar ba, kuma masu bayarwa da kyakkyawar niyya suke yi.

Abin da ake sayarwa da sunan maganin barcin tafiya yawanci promethazine ne ko wani ɗan'uwansa cikin magungunan mura da ƙaiƙayi. An hana ba yaron da bai kai shekara 2 ba promethazine, saboda yana rage ƙarfin numfashi, har numfashin ya tsaya yaro na barci. Ɗanki mai wata 18 yana cikin wannan rukunin. Ki duba yadda abin zai kasance: yana goye ko kwance a cinyarki, an lulluɓe shi da mayafi, kar na gudu, kowa na hira. Barcin lafiya da barcin da magani ya danne kama suke ga mai kallo. Sai kin zo ɗaga shi a Dosso ki ji jiki ya sake, leɓe ya canza launi.

Na biyu, irin waɗannan magunguna suna rage zufa, kuma da zufa jiki ke fitar da zafi. Yaron da aka rage wa zufa, aka hana shi ruwa, aka sa shi cikin motar da ta cika, an haɗa masa abu uku da kowannensu kaɗai ya isa ya kai shi asibiti. Yaro mai ƙishirwa kuka yake yi a ba shi ruwa. Wanda aka kwantar da magani ba zai yi kukan ba, ke kuma ki ɗauka lafiya lau. Wasu yaran ma akasin haka maganin ke yi musu, su rikice su yi ta ihu, sai uwa ta ce bai kama ba, ta ƙara cokali. A nan ake wuce iyaka.

Sannan kwalbar da ta wuni a kan faranti cikin rana, wa ya san abin da ke ciki, ko yaushe wa'adinta ya ƙare? Mai tallan bai auna yaron ba, bai tambayi shekarunsa ba. Wasu har ɓallin tramol suke ba yaro. Wannan kam ba ni da kalmar da zan sassauta: guba ce, tana sa jijjiga, tana tsayar da numfashi.

Maganar hana ruwa kuwa, Maradi zuwa Yamai ya haura kilomita 600, tafiyar awa tara zuwa goma ce in hanya ta yi kyau. Ba yaron da zai yi wannan ba ruwa ya sauka lafiya. Ga yadda za ki yi. Ki nemi kar ɗin asuba. Kowane yaro da gorarsa, su riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan duk rabin awa. In sun sha da yawa lokaci guda ne fitsari ke matsa su. Ƙaramin ki sa masa kunzugun zamani, ki riƙe wasu huɗu ko biyar a jakar hannu, ba cikin kayan da aka loda a ƙasan mota ba. In yana shan nono, ki ba shi duk sanda ya nema. Manyan biyu ki kai su bayan gida kafin a tashi, da duk inda aka tsaya, Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Dosso, ko sun ce ba sa ji. Ki kalli fitsarin: in fari-fari ne, ruwa ya isa, in ya yi ja kamar shayi, ki ƙara. Yaron da ya yi awa shida ba fitsari, bakinsa ya bushe, ido ya faɗa, ko yana kuka ba hawaye, ku sauka a garin da ke gaba ku nemi CSI, wato cibiyar lafiya ta gari, ko asibiti. Kar ku ce bari mu ƙarasa.

In kuma wata ta riga ta ba da maganin kafin ta karanta wannan: ta cire wa yaron mayafi, ta riƙa tashinsa, ta kalli ƙirjinsa yana hawa da sauka. In ya ƙi farkawa sosai, ko numfashi ya yi sanyi-sanyi, asibiti mafi kusa, da kwalbar a hannu don a ga abin da ya sha. Kar a ɗura masa madara ko manja wai don a karya maganin, shaƙewa zai yi.

Wani uba daga Tibiri: Ƴata mai shekara 8 ba ta shiga mota sai ta yi amai.

Abin ya zama ruwan dare a wannan shekarun, kuma yana raguwa da girma. Ta zauna gaba-gaba kusa da taga, ta kalli hanya can nesa, ba waya ba. Ta ci abu mara maiƙo awa ɗaya kafin tashi, kar ta shiga da yunwa. Akwai maganin da ya dace da ita, amma ma'aikacin lafiya ne zai rubuta bisa nauyinta, a saya a farmasi. Lilo mai juyawa shi ma zai iya tayar mata, don haka kar ta hau da cikakken ciki.

Wata amarya daga Ali Ɗan Sofo: Cikina wata biyar, zan iya hawa lilon da ke sama da ƙasa?

A'a, ƴar'uwa. Fizga da tsayawar bazata na iya raba mabiyiya da mahaifa. Haka motocin wasa masu karo da juna. Ki samu inuwa ki ɗauki hoto. In kin ga jini, ko ruwa, ko ciwon mara mai ɗaurewa, asibitin haihuwa nan take. Amsar ɗaya ce ga mai hawan jini da bai daidaita ba da mai ciwon zuciya.

Wata uwa daga Bagalam: Jaririna wata bakwai, in tafi da shi?

In akwai wadda za ki bar wa, ki bar shi. Allurar dusa sai a wata tara ake yi, shi bai kai ba. Ƙwayar dusa tana iya zama cikin iska har awa biyu bayan mai ita ya bar wuri, kuma yaro na yaɗa ta kwana huɗu kafin ƙuraje su fito, lokacin da kowa ke cewa mura ce. Ki duba katin rigakafin yayyensa ma, har da allura ta biyu. Lokacin zafi da ƙura kuma lokacin sanƙarau ne: zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko maɗigar jariri ta kumbura, ba a kwana da su a gida.

Wani malami daga Madarunfa: Bara a wurin wasa wani yaro ya faɗi yana jijjiga. Aka cusa masa cokali a baki, wasu suka ce iska ce, a kawo hayaƙi. Me ya kamata a yi?

Malam, cokalin nan ya karya haƙoran yara ba adadi, kuma bai taɓa ceton kowa ba. Ana cusa shi wai don kar yaro ya haɗiye harshe, alhali mutum ba ya haɗiye harshensa. Hayaƙi kuwa, yaron da ke fama da numfashi ka tura masa hayaƙi? Haka ɗura ruwa ko rubutu a bakin wanda ba ya cikin hayyacinsa, huhu yake tafiya. A yi addu'a, ba wanda ya hana, amma hannu na aiki.

A ɗauke shi zuwa inuwa, a kwantar da shi ta gefe don yawu da amai su zubo waje, a sa wani abu mai laushi ƙarƙashin kai, a kori taro ya samu iska. Kar a danne shi. Wani ya duba agogo: jijjigar da ta kai minti biyar, ko ta tsaya ta dawo, ta gaggawa ce. A kira 18, lambar ƴan kwana-kwana, ko a tari mota. Ko ta tsaya da kanta, in karon farko ne, sai an kai shi an duba, don zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau duk suna zuwa da haka.

In jikin ya yi zafi rau kamar garwashi bayan ya daɗe a rana, yana sambatu ko ya suma, bugun zafi ne, kuma minti ake ƙirgawa. A tuɓe kayan Sallar, shadda da hula da safa duka. A kwarara masa ruwa mai sanyi, a yi ta fifita, a sa ƙanƙara cikin tsumma a wuya, hammata da matsematsi, a ci gaba da haka cikin mota har asibiti. Parasitamol ba ya sauke wannan zafin, kar a ɓata lokaci kansa.

Kafin a kai nan akwai gargaɗi: ciwon kai, jiri, kasala, tashin zuciya, yaro mai surutu ya yi shiru. Nan ne za ku bar layin, ko saura mutum biyu a gabanku. Kuma kar a bar yaro cikin mota a rufe, ko na minti biyar.

Wata uwa daga Tasawa: Kayan ciye-ciyen wurin fa?

Abin da aka soya a gabanki, da zafinsa, ba laifi. Ki guji zoɓo da lemun ƙulli da ƙanƙarar da ba ki san ruwansu ba, da kankana ko mangwaron da aka yanka aka bari ƙuda na bi, da naman da ya wuni a buɗe. Ki tafi da sabulu da sashe biyu na SRO, wato garin gishiri da sukari da ake damawa a ruwa don zawo. In zawo ya zo, sashe ɗaya cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ba rabi ba, a zubar da ragowar bayan awa 24. Ƙasa da shekara 2, kwata zuwa rabin kofi bayan kowane zawo. Sama da haka, rabi zuwa kofi guda. A haɗa da zinc na kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da nono da abinci. Ban da kafso ja-da-rawaya na masu talla. Jini a kashi, ko amai ya hana komai zama, asibiti.

Wani Alhaji daga Gidan Rumji: Ɗana mai emasi (ciwon sikila) yana so ya bi ƴan'uwansa.

Ya je, Alhaji, kar a ware shi. Sai dai ƙishirwa, gajiya da sauyin zafi da sanyi su ke tayar masa da ciwo. Ya sha ruwa fiye da kowa, ya huta a inuwa bayan kowane wasa, kar ya fito daga rana ya faɗa ruwan sanyi. Magungunansa da takardunsa su kasance tare da kai. Zazzaɓi, ciwon ƙirji, haki ko ɗashewar tafin hannu, asibiti a ranar, ba gobe ba.

Wani uba daga Mokoyo: An ce akwai lilon da ake auna tsawon yaro. In nawa ya gaza da kaɗan, ba sai in roƙi mai kula ba? Kuma yaya zan yi kar su ɓace a cunkoso?

Kar ka roƙa. An sa ma'aunin ne don ƙarfen da ke riƙe mai hawa an ƙera shi daidai wani girman jiki. Wanda bai kai ba zai iya sulalewa ta ƙasa. Kafin ka biya, ka tsaya ka kalli zagaye ɗaya. Bel ya tsinke an ɗaure da igiya, waya a tsirara a ƙasa, an loda yara fiye da kujeru, ka wuce. Ka dafa ƙarfen zamiya da tafinka kafin yaro ya zauna, rana na mai da shi kamar tanda. A gidan balan-balan da ake hura wa iska, kar ɗan shekara 3 ya shiga tare da ƴan shekara 10, faɗa wa juna na jawo karaya. Yaron da ya bugu a kai ya yi amai ko barci ya rinjaye shi, a kai shi a duba. A gidan namun daji kuma ban da miƙa wa biri gyaɗa. In ya yi cizo ko yaƙushi, a wanke da sabulu da ruwa minti 15, a tafi asibiti don allurar haukan kare a ranar.

Ɓacewa kuwa, babba ɗaya ga yara biyu, a faɗi wa ke riƙe da wa, kar a bar wa yaya mai shekara 10 ƙannensa. Ka rubuta lambar wayarka da biro a damtsen kowane yaro, don takardar aljihu faɗuwa take. Ka ɗauke su hoto da kayan da ke jikinsu kafin ku shiga. Ka koya musu in sun rasa ka su tsaya inda suke, su nuna hannun ga ma'aikacin wurin ko uwa mai goyo. Turereniya a bakin ƙofa take, lokacin buɗewa da dab da Magariba, saboda haka ku fito rabin awa kafin a tashi. In ta rutsa da ku, ka ɗaga ƙaramin sama, ka bi inda taron ke tafiya kana karkata gefe, kuma takalmin da ya cire a bar shi a nan.