Tambaya da Amsa: Mu gyara tsohon ɗakin karatu ko mu mai da shi shaguna?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin sakandare ne a yankin Talata Mafara, kuma ina cikin ƙungiyar ci gaban garinmu. Muna da tsohon ɗakin karatu da ya daɗe a kulle. Wasu na cewa a gyara shi, har a buɗe wasu ƙanana a unguwanni. Wasu kuma sun ce zamani ya wuce nan, komai yana cikin waya, gara a yanka shi shaguna a riƙa karɓar haya. Shin har yanzu al'umma na buƙatar ɗakunan karatu da yawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ku gyara shi. Amma masu cewa a yi shaguna ba hauka suke yi ba, sun ga abin da ya faru ne: a yi gini, a yanka ƙyalle, bayan shekara biyu ƙofa ta sha kwaɗo, jemagu su tare. Idan irin wannan za ku sake yi, to haya ta fi.

Mu fara da zancen cewa komai yana cikin waya. A Zamfara ba sai an yi dogon bayani ba. A watan Satumba na 2021 an kashe layukan sadarwa a jihar baki ɗaya saboda matsalar tsaro, wasu ƙananan hukumomi suka yi makonni ba kira ba data. Ɗalibin da duk karatunsa ke intanet, a lokacin nan hannunsa wayam. Ko a ranar da sabis ke nan, akwai kuɗin data, wanda a farkon 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa (NCC) ta amince a ƙara masa har kashi 50 cikin ɗari. Akwai caji. Sannan a gidaje da yawa babbar waya ɗaya ce, tana aljihun maigida ko babban wa, ba ta dawowa sai dare. Yarinyar da ke aji shida a sakandare sai dai ta roƙa a ara mata na minti goma.

Akwai kuma abubuwan da waya ba ta da su ko da data ta cika. Na farko wurin zama: teburi, kujera, fitila, fanka, shiru. Gidan da mutum goma sha biyar ke kwana, ko iyalin da rashin tsaro ya koro daga ƙauye suka raɓa a ɗaki ɗaya cikin gari, ina yaro zai buɗe littafin lissafi? Na biyu hannu a kan kwamfuta. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, kuma shafa waya da babban yatsa daban, riƙe linzamin kwamfuta (mouse) da danna madannai daban. Yaron da ranar jarrabawa ce ranarsa ta farko gaban kwamfuta yakan ɓata minti masu yawa wajen neman inda zai danna, ga agogo na tafiya. Na uku mutum wanda za a tambaya: wanda zai nuna wa manomi cewa bidiyon maganin feshin da aka turo masa talla ce, ya taimaki mai neman aiki cike fom ba tare da ya miƙa lambar BVN ga 'yan damfara ba.

Batun yawa kuwa, ma'auninsa tazara ce. Zamfara na da ƙananan hukumomi 14, kuma katafaren laburare a Gusau ba ya amfanar yaron Gummi ko Shinkafi da komai. Laburaren Jami'ar Tarayya ta Gusau, ko na kwalejojin kimiyya da fasaha na Ƙaura Namoda da Talata Mafara, na ɗalibansu ne da malamansu. Abin da muke ba da shawara shi ne babban laburare ɗaya, wato uwa, a hedikwatar ƙaramar hukuma, da 'ya'ya ƙanana a inda yaro zai iya takawa da ƙafa cikin minti ashirin ya dawo kafin magariba. Ƙaramin reshe ba ya buƙatar sabon gini. Aji ɗaya a firamare bayan an tashi, ko ɗaki a Islamiyya, da akwatin ƙarfe mai littattafai 150 da ake musanyawa daga uwar duk wata uku, ya isa. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Sai dai kada ku buɗe reshe ko ɗaya sai uwar ta yi shekara tana buɗewa kullum.

Ku fara da rufi. Kwanon da ke yoyo a Agusta zai lalata a dare ɗaya abin da kuka tara a shekara. Daga nan sai gara mai cin takarda. A yi feshin maganin gara a gindin bango ciki da waje kafin a shigo da littafi ko ɗaya. Kantoci su zama na ƙarfe, a bar tazarar taƙi ɗaya tsakaninsu da bango, layin ƙasa kuma ya ɗaga daga daɓe kamar santimita 15. Kada a ajiye kwalin littattafai a ƙasa, ko na mako guda ne, domin gara ta cikin kwali take ci, waje na nan lafiya lau sai an ɗaga a tarar da ƙasa. A sa raga a tagogi, a hana cin abinci a ciki saboda ɓera da kyankyaso. Layin kanta mai tsawon santimita 90 yana ɗaukar littafi kamar 30, kanta mai layi biyar 150 ke nan. Kantoci goma sun ba ku 1,500, wanda ya wadatar a farko.

Wuta ce ke raya wurin ko ta kashe shi, don haka a yi lissafinta da biro kafin a je kasuwa. Kwamfutar cinya goma, kowace na jan wat 45, sun kama 450. Fanka huɗu, 240. Ƙwan fitila takwas, 80. Na'urar raba intanet, 20. Jimla kusan wat 800, a awa takwas wat-awa 6,400. Farantan sola biyar masu wat 400, da rana mai ƙarfi ta awa biyar, bayan an cire asarar zafi da ƙura, suna ba da kusan 7,500. Inbata mai kVA 3 da batirin litiyam mai kilowat-awa 5 za su riƙe karatun yamma. Inda ake faɗuwa sananne ne. A karɓi kyautar tsofaffin kwamfutocin tebur, kowace na jan ninki uku na ta cinya, batir ya ƙare kafin la'asar. Ko a bar ƙurar hunturu ta rufe farantan, alhali wanke su da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe sau ɗaya a mako ya isa. Ko a kulle batir a ɗan ɗaki marar iska, zafin Afrilu da ke haura digiri 40 ya cinye masa kwana. Firinta mai hoda tana fizgar wuta da ƙarfi in ta tashi, a riƙa kunna ta da rana tsaka. A hana jona hita da dutsen guga, kuma a rubuta wannan a bango, don za a gwada.

Saboda ɗaukewar sabis, a tanadi karatun da ba ya buƙatar intanet. Manhajar Kiwix kyauta ce, tana ba da damar sauke Wikipedia ta Turanci da ta Hausa a ajiye. Ta Turanci mai hotuna ta kai gigabait 100, don haka ma'ajiya mai 256 ta wadatar. Manhajar Kolibri ita ma haka take ga darussan lissafi da kimiyya. A sauke su sau ɗaya a inda sabis ke da ƙarfi, a ɗora kan kwamfuta guda, sauran da wayoyin masu zuwa su riƙa ɗauka ta Wi-Fi na cikin ɗakin ba tare da an ƙona data ba.

Wajen littattafai, ku tambayi malaman gari abin da ake koyarwa bana kafin ku sayi komai. Littattafan adabi na WAEC ana sauya su duk shekara biyar, wanda ya sayi na zangon da ya wuce ya yi asara. A sa na firamare masu hotuna, ƙagaggun labarai na Hausa (su ne ke fara jawo yara da mata), littattafan addini, na noma da kiwo da kiwon lafiya. Ku koyi cewa a'a ga kyauta. Kwalin tsofaffin littattafan likitanci ko na doka daga Ingila ko Amurka cika kanta kawai yake yi, wani lokacin ma ya ɓatar da mai karatu. Ku ware kanta ɗaya ta garinku: tarihin masarauta, abin da aka rubuta kan madatsar ruwa ta Bakalori, kundayen bincike na ɗaliban yankin, da hotunan rubuce-rubucen ajami da ke gafakar malamai, in masu su sun yarda a ɗauka. Wannan kantar ce ba wanda zai sa muku ita a intanet in ba ku ba.

Kowane littafi ya shiga rajista da lambarsa, a buga masa hatimi a shafin farko da wani shafi na ciki da aka tsayar. Aro littafi biyu, mako biyu, da sa hannun shugaban makaranta ko mai unguwa a katin. Za a yi ɓata, kada wannan ya sa a hana aro. Ƙidaya sau ɗaya a shekara za ta nuna girman ɓarnar.

Ma'aikaci shi ne komai, kuma nan ne zancen shaguna ke da amfani. Tun ɗakunan karatu na En'e (hukumar gargajiya ta zamanin Turawa) a shekarun 1940, abin da ke kashe irin waɗannan wurare bai sauya ba: babu horarren mai kula, babu sababbin littattafai. Ku nemi mai difiloma ko NCE a fannin laburare, a biya shi duk wata, kada a dogara da ɗan bautar ƙasa da zai tafi bayan shekara. Lokacin buɗewa ya bi na masu zuwa: bayan an tashi makaranta zuwa gab da magariba, da Asabar da Lahadi. A ware ranaku biyu na mata zalla, mace ce a kan teburi, in ba haka ba iyaye da mazaje ba za su bari ba. In filin na da baki a titi, ku gina shago biyu ko uku a jikin katanga, ƙofarsu na kallon waje. A rubuta a takarda, gaban hakimi da shaidu, cewa kuɗin hayar na albashi ne da data da canjin batir, a zuba su a asusun banki mai sa hannun mutum uku.