Tambayoyinku kan fasaha: tsofaffin bangaye, tallar da ta koɗe, da wayar da ke aljihunka

Wannan makon wasiƙu biyar suka zo a kan abu guda, wato ɗaukar hoton tsofaffin bangaye da alluna da waya, daga Marwa har Njamena, sai na haɗa su wuri ɗaya. Masu tambayar batir da caja su yi haƙuri sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Marwa. A unguwarmu akwai wani tsohon shago da aka yi wa talla a bango tun kafin a haife ni. Da ido ina karanta rabinta, amma in na ɗauka da wayata Tecno sai bangon ya fito fari fat, rubutun ya ɓace. Wayar ce ba ta da kyau? Na ji ana shirin rushe shagon.

Ƙanena, kada ka ɗora wa wayar laifi tukuna. Ina kyautata zaton da tsakar rana ka je. Ranar Marwa in ta take, farin bango yana mayar da haske kamar madubi, ɗan launin da ya rage a jikin rubutun sai ya nutse a ciki. Ko wayar jaka ɗari biyar ka kawo, da ƙyar za ta tsinana wani abu a wannan lokacin.

Fara da duba irin rubutun da ya rage. Idan launi ne ya koɗe, inuwa kake nema: bayan asuba kafin rana ta faɗo kan bangon, ko bayan la'asar sakaliya in ta bar shi. Ranar da hazo ya rufe gari ma rana ce mai kyau ga wannan aikin, duk da ba mai son fita cikinta, domin hazo yana tausasa haske. Idan kuwa launin ya tafi gaba ɗaya, sai ɗan tudun fenti ko shatin haruffa a jikin siminti, to hasken da ke zuwa ta gefe kake so, wanda zai shafi bangon ya ba kowane harafi 'yar inuwarsa. A nan arewacin Kamaru, daga Nuwamba zuwa Janairu rana ta kudu take bi, saboda haka bangon da ke kallon kudu yana samun wannan hasken da sassafe da kuma yamma lis. Wanda ke kallon gabas kuma sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya, in rana ta kusa barinsa. In duk wannan bai yiwu ba, ka koma bayan magariba da aboki, ya riƙe tocila a jikin bangon yana haskawa daga gefe, kai kuma ka kashe filashin wayarka. Na sha karanta rubutun da na fid da rai da shi ta wannan hanyar.

Sai saitin waya. Goge gilashin kyamarar da gefen riga mai laushi, domin ƙurar rani da maiƙon yatsa su ne rabin abin da mutane ke kira "kyamara ta lalace". Taɓa kan rubutun a allo, alamar rana za ta fito, ka ja ta ƙasa har bangon ya daina ƙyalli. Hoton da ya ɗan yi duhu ana iya gyara shi, wanda ya ƙone fari kuwa ya tafi ke nan. Kada ka matsa kusa ka ɗaga wayar sama, sai ginin ya fito kamar zai faɗi ta baya. Ja da baya, kunna layukan da ke raba allo gida tara, ka daidaita su da bakin ƙofa. Kada kuma ka jawo hoto da yatsu biyu. A yawancin ƙananan wayoyi yanka hoton kawai ake yi a kumbura shi.

Ka ɗauki iri uku: ɗaya daga nesa da titi da maƙwabtan shagon a ciki, ɗaya na bangon duka, sannan na kusa, yanki-yanki, kowanne ya ɗan hau kan na gefensa. Na nesan nan shi mutane ke mantawa, kuma shi za a fi nema bayan shekara ashirin.

In ka dawo gida, buɗe hoton a Snapseed, manhaja ce ta Google kuma kyauta take. Mayar da shi baƙi da fari, ka gwada matatan launin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. In rubutun ja ne, zaɓi kore ko shuɗi, za ka ga ya yi duhu ya fito. In shuɗi ne, zaɓi ja. Akwai kuma DStretch, wadda Jon Harman ya yi don masu nazarin zanen duwatsu, irin zanen da ke Ennedi a Cadi. Tana ware launukan da suka kusa zama ɗaya har ido ya bambance su. Hoton yakan fito da launi kamar atamfar sallah, amma haruffan za su karantu. Ta waya sayenta ake yi.

Wani zai ce maka ka watsa wa bangon ruwa rubutun ya fito. Zai fito na minti biyu, sannan ɓawon farar ƙasar ya biyo ruwan. Bar bangon mutane yadda ka same shi. Kuma tunda ka ji maganar rushewa, ka je gobe.

Ɗana, ni dattijo ne a Garwa, na yi shekara talatin ina tuƙin babbar mota tsakanin Ngaundere da Kusiri. Jikana ya koya mini ɗaukar hoto, ina tara na tsofaffin alluna da gidajen mai. Ta yaya zan san shekarun allo in ba a rubuta ba?

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Wannan tambayar ta fi kowace yi mini daɗi, kuma rabin amsarta na cikin kanku, domin ku kuka ga hanyar nan da idonku. Abin da zan ƙara shi ne alamomin da allon kansa ke ɗauke da su.

Ku fara da lambar tarho, ita ce ba ta ƙarya. A Kamaru lamba shida ake amfani da ita har zuwa 2001, aka koma bakwai, a 2007 aka koma takwas, a 2014 aka koma tara. Allon tela mai lamba takwas, ke nan tsakanin 2007 da 2014 aka rubuta shi. Mai lamba shida kuwa ya haura shekara ashirin. A Cadi a 2010 aka koma lamba takwas.

Sai sunan ƙasa a allunan gwamnati da na makarantu. "République Fédérale du Cameroun" daga 1961 ne zuwa 1972, "République Unie" daga 1972 zuwa 1984. In an zana tuta, ku ƙirga taurari: biyu a kan koren, kafin 1975 ne, ɗaya a tsakiyar jan, bayan nan ne. In kun tsallaka kogin Logon kuka ga "Fort-Lamy" a jikin wani tsohon sito, to kafin 1973 ne, shekarar da aka mayar da sunan garin Njamena. Kusiri ma a takardun Faransawa Fort-Foureau take.

Kamfanoni su ma suna sauya riga. Kamfanin wuta SONEL ya zama AES-Sonel a 2001, ya zama Eneo a 2014, kuma har yau akwai ƙofofin gidajen taransifoma da ke ɗauke da tsohon sunan. Duk allon da ya ce Sodecoton, kamfanin auduga, bai girmi 1974 ba. A Njamena za ku ga kantin da aka shafa wa jan Airtel, ta ƙarƙashi sunan Zain yana leƙowa, ta ƙarƙashinsa kuma Celtel: Celtel ta zama Zain a 2008, Zain ta zama Airtel a 2010. Bango guda, zamani uku. In an rubuta farashi, ku tuna an karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, kuɗin kaya kafin nan da bayan nan ba su yi kama ba.

Sai dai a kula da abu ɗaya. Duk wannan shekarun fenti yake faɗa, ba na gini ba. Gidan da ke kusa da tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Binuwai yana iya girme wa tallar da ke jikinsa da shekara hamsin. Jamusawa sun riƙe Garwa daga 1901 zuwa 1915, amma ba kowane tsohon gini mai kaurin bango ne "na Jamus" ba, ko da yara sun ce haka.

Shawarata ta ƙarshe ta fi duk waɗannan. Duk hoton da kuka ɗauka, ku sa jikan nan ya kunna na'urar naɗar murya, ku faɗi abin da kuka tuna: wa ke da gidan man, nawa ake sayar da lita, a ina ake kwana kafin a hau tsaunin Ngaundere da kaya. Duwatsun kilomita da suka rage a bakin Hanya ta Ɗaya, wato babban titin da kuka yi ta bi tsakanin Ngaundere da Kusiri, kowa zai iya ɗaukarsu, amma labarin da ke tsakaninsu sai ku.

Malam, ni malamar makaranta ce a Njamena. Na sa hoton wata tsohuwar talla a manhajar da ke gyara hoto da ƙirƙirarriyar basira, ya fito tas kamar sabo. Zan iya nuna wa ɗalibaina shi a darasin tarihi?

Malama, a matsayin ado, e. A matsayin shaida, a'a. Irin waɗannan manhajoji ba tono abin da ya ɓoye suke yi ba, cike giɓi suke yi da abin da suka ga ya fi kama. Fuska ce suka fi ƙwarewa a kai, rubutu kuwa nan ne rauninsu. Na taɓa gwada ɗaya da allon wani mai gyaran rediyo da na san abin da ke jikinsa sarai: ta mayar da 3 ta zama 8, ta ƙirƙiro wasu haruffa da ba na Faransanci ba, ba na Larabci ba. In rubutun ajami ne ko Larabcin hannu, ɓarnar ta fi haka, don ɗigo ɗaya ya isa ya sauya kalma. Bambancinta da abin da na gaya wa ɗalibin Marwa shi ne, ƙara duhu ko ware launi yana aiki ne da abin da kyamara ta gani, ba ya kawo baƙo.

Ki nuna musu biyun gefe da gefe, ki ce su nemo inda na'urar ta yi ƙari. Darasi ne mai kyau shi ma. Kuma kada ki bari gyararren ya hau kan na asali ya share shi.

Yallaɓai, na tsaya ɗaukar hoton wata tsohuwar gada, jami'an tsaro suka karɓe wayata sai da na goge. Laifi ne?

Ɗan'uwa, ka gode wa Allah da abin ya tsaya a gogewa. Gadoji, barikoki, filin jirgin sama, shingen bincike da gine-ginen mulki, a Kamaru da Cadi duka, wurare ne da ba a ɗaga musu waya sai da izini, komai tsufansu. Gadar Ngeli da ta haɗa Kusiri da Njamena kan iyaka ce, kada ma ka fara. A Cadi dokar ɗaukar hoto ta fi tsauri, ka nemi takarda in aikin mai yawa ne. Tsakanin Mora da Kusiri kuma, da halin tsaron da ake ciki, ba wurin tsayawa a bakin hanya ana auna haske ba ne.

A cikin gari abin da sauƙi: sallama. Fadar lamiɗo ka bi ta hannun dogarai ko wani bafade. Shago ka gaisa da mai shi, ka gaya masa abin da ya burge ka. Sau da yawa shi zai kawo maka kujera, ya kira wanda ya san mai zanen. Mata da yaran da suka shigo hoton, ko a nemi yardarsu ko a jira su wuce.

Malam, hotunana sun kai ɗari huɗu. Na tura wa yayana a Duwala ta WhatsApp don ya ajiye mini, da ya dawo mini da su sai na ga ƙananan rubutun ba sa karantuwa.

Ƙanwata, WhatsApp yana matse hoto don ya rage cin data, kuma yana cire bayanan da ke ɓoye a cikinsa, wato ranar ɗauka da wurin. Alamar HD da suka ƙara a 2023 ta rage matsewar, ba ta hana ta ba. In kina son hoto ya isa yadda yake, ki tura shi ta inda aka rubuta Document. Facebook ma matsewa yake yi, wurin nunawa ne, ba rumbu ba. In na asalin suna nan a wayarki, ba ki yi asara ba. Sake turawa kawai za ki yi.

Ki ajiye su wuri biyu ko uku. Asusun Google yana ba da gigabait 15 kyauta, hotuna ɗari huɗu na ƙaramar waya ba za su ci ko kashi ɗaya cikin biyar ba. Ki ɗora su da dare ko inda kika sami wifi. Sai kwafi a kwamfuta ko filas. Katin memori na bakin titi kuwa ki yi hattara da shi. Na taɓa sayen wanda aka rubuta wa gigabait 64, ashe cikinsa bai kai 8 ba, ya karɓi hotunan tafiyar kwana uku da na yi zuwa Pus don gidajen ƙasa na Musgum, da na buɗe rabinsu babu komai. Sabon kati ki cika shi da bidiyo tukuna, ki buɗe na farko da na ƙarshe ki gani, kafin ki ba shi amanar abin da ba za ki iya sake ɗauka ba.

Ki kunna alamar wuri a saitin kyamara kafin ki fita, amma ki kashe ta in a cikin gidanku kike ɗauka. Sannan ki sauya wa hotunan suna tun kina tunawa, misali 2025-02-Marwa-Domayo-shagon-tela. Waɗanda suka fi kyau, na gine-gine da alluna marasa fuskar mutane, kina iya ɗora su a Wikimedia Commons, inda ake ajiye hoto da cikakken girmansa da sunan mai ɗauka. Ki karanta sharaɗin kafin ki danna, domin da zarar kin ɗora, kowa yana da damar amfani da shi muddin ya ambaci sunanki.