Me ya sa ake rufe titi a Tsibirin Man don tseren babura?

Malam, ka ce ka ga bidiyon masu babura suna wuce ƙofar gidajen mutane kamar kibiya, kana tambaya ko hukuma ba ta nan ne, ko kuwa mutanen garin sun gaji da rayukansu. Mu da muke zaune a tsibirin nan, Hausawa 'yan ƙalilan, mun saba da wannan tambaya daga gida. Amsar ita ce hukuma da kanta ce ta haifi abin, kuma dokarta ce take riƙe da shi.

Tsibirin Man yana cikin teku tsakanin Ingila da Ayalan, mutanensa ba su wuce dubu 85 ba. Yana ƙarƙashin sarautar Birtaniya amma yana da majalisarsa, Tynwald, mai yin dokokinta. A 1903 dokar Birtaniya ta ƙayyade gudun mota kada ya wuce mil 20 a awa, kuma ba a yarda a yi tsere a kan hanyar jama'a ba. Masu ƙera motoci suka rasa inda za su gwada kayansu. Sai Tynwald ta yi doka a 1904 wadda ta ba da damar rufe tituna don tsere. Motoci ne suka fara, babura suka biyo baya ranar 28 ga Mayu 1907, aka kira gasar Tourist Trophy, a taƙaice TT. Charlie Collier ya yi nasara da babur ƙirar Matchless, gudunsa kilomita 61 da ɗoriya a awa, abin da ɗan acaɓa yake yi yau ba tare da ya kula ba.

A 1911 aka koma hanyar dutsen Snaefell, ita ce ake bi har yau. Tsawon zagaye ɗaya kilomita 60.7, da kwana fiye da 200. Ana tashi daga Douglas, babban birnin tsibirin, a gangara Bray Hill tsakanin gidaje, a ratsa ƙauyuka, a yi tsalle a gadar Ballaugh inda tayoyi biyu suke barin ƙasa, a miƙe a Sulby inda manyan babura suke kaiwa kilomita 320 a awa, sannan daga Ramsey a hau dutse har sama da mita 400. Ba a sakinsu gaba ɗaya kamar sukuwar dawaki. Ɗaya bayan ɗaya ake saki, daƙiƙa 10 tsakani, kowa da agogo yake kokawa.

Babbar gasa, wadda suke kira Senior, zagaye shida ce, kusan kilomita 364. Tankin mai na lita 24 zagaye biyu kawai yake ɗauka, don haka ana tsayawa sau biyu, bayan zagaye na biyu da na huɗu, a cika mai, a canza tayar baya, a sauya gilashin hular kwano saboda ƙwari sun rufe shi. Duk wannan bai kai minti ɗaya ba idan hannu ya faɗa. Sau da yawa a nan ake faɗuwa gasa, ko notin taya ya cije, ko injin ya ƙi tashi.

Maganar mutuwa kuwa gaskiya ce, ba zan ɓoye maka ba. Tun daga Victor Surridge a 1911, mahaya fiye da 260 sun rasu a wannan hanya idan aka haɗa da gasar Manx Grand Prix da ake yi a watan Agusta. Filin tsere na zamani yana da fili da tsakuwa a gefe, wanda ya faɗi ya silale ya tashi. A nan katangar dutse ce, da falwaya, da bishiya, da bakin kwalbati. Ga hasken rana da inuwar itatuwa suna rikita ido, ga hazo a kan dutse alhali ƙasa garau take. Kuma kusan kowace ƙa'ida da ake bi yau, rai aka biya kafin a kafa ta. A 1927 Archie Birkin ya rasu yana gwaji da asuba, ya kauce wa motar mai kifi kusa da Kirk Michael, domin a lokacin ba a rufe hanya sai ranar tsere. Daga 1928 aka fara rufewa har lokacin gwaji. A 1972 Gilberto Parlotti ya rasu cikin ruwan sama a kan dutse, Giacomo Agostini ya ce ba zai sake hawa ba, manyan mahaya suka bi shi. Gasar TT, wadda take cikin jerin gasar duniya tun 1949, ta fita daga ciki bayan 1976. A ganina wannan ya yi daidai: yau ba wanda kwangila ko neman maki yake tilasta wa zuwa.

Ka san Honda da ta cika titunanmu? A nan ta fara nuna kanta ga Turawa a 1959, shekara biyu bayan haka Mike Hailwood ya ci mata gasa biyu. Kafin nan, a 1957, Bob McIntyre ya zama na farko da ya yi zagaye da gudun mil 100 a awa. Joey Dunlop ya ci sau 26, ɗan ƙaninsa Michael ya wuce shi a 2024. Peter Hickman ya zagaye hanyar cikin minti 16 da daƙiƙa 36 a 2023.

Abin da bidiyo ba ya nunawa shi ne aikin mutanen gari. Kafin babur ɗaya ya motsa, sai 'yan sa kai sama da 500 masu rigar ruwan lemo sun tsaya a wurarensu da tutoci da rediyo, kowane yana hango na gaba da shi, ga jirage masu saukar ungulu da likitoci a shirye. Idan ba su cika ba, ba a farawa. Taka titin da aka rufe laifi ne da ke kai mutum kotu, ko da ƙofar gidansa ce. Mai gida a kan hanyar yakan yi cefane da wuri, ya ɗaure karensa, manomi ya gyara shingen tumakinsa. Baƙi sama da dubu 40 suke shigowa, galibi ta jirgin ruwa daga Liverpool da Heysham, otal ba ya isa, sai iyalai su yi rajista su saukar da su a ɗakunansu.

Idan kana da niyyar zuwa, ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni ake yi, mako biyu, kuma gurbin babur a jirgin ruwa tun shekara guda kafin lokacin ake kama shi.